Filin Tambayi Oga: Wasiƙun Masu Haɗa AC Da Gyaran Firij

Assalamu alaikum jama'a. Zafi ya shigo, kasuwarmu ta buɗe, daga Maris zuwa Mayu duk mai testa da gejin auna gas wayarsa ba ta hutawa, kowa so yake a zo masa yanzu-yanzu. To kuma a daidai wannan lokacin ne wasiƙun jin ciwo suke yi mana yawa, shi ya sa wannan karon na ware su gefe guda. Masu tambayar kuɗin aiki da wane AC ne ya fi shan wuta ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

*

Oga barka da aiki. Ni yaron shago ne, shekarata biyu ina koyo. Ranan muka je gyara wani gida babu wuta, oga na ya ce in buɗe autdo, wato injin AC na waje, in duba wayoyin tunda an ɗauke, ina cikin yi kawai na ji abu ya fizge ni sai ganina na yi a ƙasa, ashe an kawo wuta. Alhamdulillahi ban ji ciwo sosai ba, suka ba ni madara na sha muka ci gaba da aiki. Amma tun ranan idan na taɓa waya sai gabana ya faɗi, oga kuma yana min dariya wai haka kowa ya fara. Da gaske ne?
Daga wani mai koyon aiki a Kano

Ƙanena sannu, Allah ya ƙara kiyayewa. Ogan naka ya faɗi gaskiya ta wani ɓangaren, kusan dukkanmu wuta ta taɓa janmu, amma ya manta ya gaya maka cewa waɗanda ta ja ba su tashi ba ba sa nan balle su ba da nasu labarin. Faɗuwar gaban da kake ji kar ka ji kunyarta, ni da ita na kai shekarun nan a sana'ar.

Abin da ya same ka shi ne ya fi komai cin mutanenmu a ƙasar nan. An ɗauke wuta daban, ka kashe wuta daban. Wutar da aka ɗauke ba ta sallama idan za ta dawo. Kuma yanzu ma abin ya ƙara rikicewa don gida ɗaya sai ka samu layin NEPA, ga janareta, ga sola da inbata, ga canjoba mai sauya wuta tsakaninsu wanda wani ya haɗa shi yadda ya ga dama. Kana sama kana aiki, Hajiya ta ji zafi ta ce wa maigadi ya tayar da inji, shi kenan. Don haka kafin ka kwance ko sukuru ɗaya je ka da ƙafarka inda bireka take ka sauke ta, in fis ne ka zare shi ka sa a aljihunka, a aljihunka na ce, ba a kan akwatin ba. In bireka ce ka ɗaure ta da salatif ka rubuta takarda ka manna, sannan ka faɗa wa mutanen gidan baki da baki, har da yara da maigadi. Manyan kamfanoni kwaɗo suke sawa makullin yana hannun mai aikin, in kana da hali ka yi hakan.

Bayan ka sauke, gwada. Kuma ba da ɗan testan nan mai ƙwai kaɗai ba, don a rana tsaka ko ya kama ba lallai ka gani ba. Sa mitar auna wuta. Ka fara gwada mitar a soket ɗin da ka san akwai wuta don ka tabbatar tana aiki, sannan ka gwada inda za ka taɓa. Na sha zuwa gidan da aka rubuta AC a jikin bireka ashe ta famfon ruwa ce.

Sai kafasito. Wannan ɗan gwangwanin yana riƙe wuta ko bayan an kashe komai. Yawancinmu da sukundireba muke haɗa bakinsa ya yi tartsatsi mu wuce, gara ka samu resisto mai kamar om 20,000 ka sauke shi a hankali. AC mai inbata kuwa ya fi haɗari, don kafasitocin da ke kan allonsa suna riƙe sama da bolt 300, shi ya sa za ka ga kamfani ya rubuta a murfin a jira wasu mintoci kafin a taɓa. Jira ɗin, sannan ka auna.

Mutane suna raina wutar gida wai ai bolt 230 ce kawai. Wutar da za ta iya rikita bugun zuciya kaɗan ce ƙwarai, shi ya sa ake yin birekar kariya ta yanke da zarar wutar da ke zurarewa ta kai miliyam 30, alhali ƙwan fitila mai wat 60 yana jan fiye da ninki takwas na hakan. Ga ka da gumi sharkaf, ga silifas ɗin roba da ya sha ruwan AC, wani ma ƙafa ba takalmi a kan siminti.

Maganar madara kuma, ba ta maganin komai a nan, wuta ba guba ba ce da za a ce ta tsaya a ciki. Wanda wuta ta ja har ta kayar da shi asibiti ya kamata ya je a duba zuciyarsa, musamman in ya suma ko ƙirji na ciwo ko yana jin bugun ba daidai ba. In kuma kai ne a tsaye wani ya maƙale, kar ka kama shi da hannu, kashe wutar ko ka ture shi da busasshen katako. In ba ya numfashi a kira 112 ko a nemo mota, kai kuma ka ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa ka dinga dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, kar ka tsaya har a samu taimako. Ba a taru ana salati ana yayyafa masa ruwa kawai ba.

*

Injiniya don Allah raba mana gardama. Idan AC na yoyon gas muna so mu gano wurin, abokina ya ce tunda muna da tukunyar oksijin ta walda a shago mu dinga cika shi da ita mu bi da ruwan omo, ba sai mun sayi naitirojin ba. Ya ce shi ya yi ya fi sau goma ba abin da ya faru.
Daga wani makaniken AC a Kaduna

Malam ka gaya wa abokinka in ji ni, sau goman nan Allah ne ya tsare shi ba iyawarsa ba. Kar ku sake. A duk abin da zan faɗa a shafin nan yau in za ka riƙe guda ɗaya to wannan ne.

Cikin kwamfureso, wato injin da ke matse gas, akwai mai, kuma man yana bin bututun ko'ina. Oksijin tsantsa idan ya haɗu da mai a ƙarƙashin matsi ba ya buƙatar ashana, da kansa yake kamawa, kuma a cikin rufaffen ƙarfe yake kamawar, ka ga kwamfureso ya zama bam kenan kai kuma fuskarka na kansa kana neman kumfa. Dalilin da ya sa masu walda na ƙwarai ba sa bari ko girisi ya taɓa bakin tukunyar oksijin kenan. Iskar famfon faci ma ba ta da kyau, ga danshi ga oksijin a cikinta. Naitirojin ake amfani da shi saboda shi ba ya kama wuta ba ya taimakon wuta. Amma shi ma da sharaɗi, dole da regileta mai rage matsi, don cikakkiyar tukunya matsinta ya haura psi 2,000, in ka sake shi kai tsaye cikin AC wani abu zai fashe. Duba farantin da ke jikin injin, an rubuta iyakar matsin da zai ɗauka, kar ka wuce.

Tunda an zo nan bari in ƙara da wani abu da yake kama da shi wanda yara da yawa ba su sani ba. Idan za ka cire AC ka mayar da gas cikin autdo, ka rufe ƙaramin bawul, kwamfureso na aiki, ka rufe babban, to kashe injin tukuna kafin ka sassauta nati ko ɗaya. In ka kwance bututu kwamfureso na juyawa bawul a buɗe, iska yake zuƙa ya matse ta tare da mai da gas, zafin ya tashi, ya fashe kamar yadda injin dizal yake kama wuta ba tare da fulogi ba. Littattafan da ke zuwa cikin kwalin AC sun rubuta wannan gargaɗin ɓaro-ɓaro, mu ne dai muke ba yara littafin su yi fifita da shi.

Kuma ku lura da geji da tiyo. Gas ɗin R410A ya fi tsohon gas ɗin R22 matsi da kamar kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, R32 ma haka yake ko ya ɗan fi, tiyon da ka gada tun zamanin R22 wanda duk ya tsattsage ba zai riƙe ba.

*

Salam Oga. Ni ba ma'aikaciya ba ce, mijina ne yake haɗa AC. Wani yaronsa ya nuna min bidiyo a waya, maigidan ya fito ta taga a hawa na uku rabin jikinsa a waje yana ɗaura ƙarfen da ake ɗora injin, yaro ɗaya ne kawai ya riƙe masa ƙafa. Wallahi ranan ban yi barci ba. Da na yi magana ya ce in bai yi ba wani zai yi, kuma abincinmu kenan. Me zan ce masa?
Daga wata uwargida a Zariya

Hajiya Allah ya saka da alheri, kin yi abin da ya dace da kika yi magana. Ki ba shi shafin nan ya karanta, ki ce wani tsohon abokin sana'arsa ne ya aiko.

Maigida, na san maganarka, ni ma na faɗe ta. Na yi wannan fitowa ta taga ba sau ɗaya ba. Abin da ya raba ni da ita wata rana ce a wani bene, na ɗaure bireket na jijjiga na ji ya kama, muka ɗora autdo, ina juyawa in karɓi sifana sai na ji ƙarar siminti na zubowa, bol ɗin sama ya fito da guntun bulo a jikinsa kamar an cire haƙori. Bulon duk yashi ne. Injin ya rataye a kan bututun jan ƙarfe kawai yana lilo, a ƙasa kuma daidai wurin mai shayi ne da bencinsa. Minti biyu kafin nan a kan wannan ƙarfen na dogara da gwiwar hannuna. Yaron da ya riƙe min ƙafa ko kilo 50 bai kai ba, da na tafi da shi za mu tafi.

Bel ɗin da ake sawa a jiki mai zagaye cinya da kafaɗa ana sayar da shi a kasuwar kayan gini, kuɗinsa bai kai na haɗa AC biyu ko uku ba, ɗauri ɗaya a asibitin ƙashi na Dala ya ninka shi. Amma bel ba ya aiki sai an ɗaure shi a abu mai ƙarfi, ginshiƙin kankare ko makamancinsa, ba ƙarfen taga da aka liƙa da ɗan siminti ba, ba kuma igiya a ƙugu ba, don igiya a ƙugu in ka faɗo ita ma za ta iya yi maka illa a ciki da baya. Inda ya wuce hawa ɗaya kuma babu baranda, a kafa sikafol, wato ƙarafan da magina ke haɗawa su hau, a sa kuɗin a lissafin mai gida. Wanda ya iya gina bene hawa uku ya sayi AC ya iya biyan hayar sikafol na yini ɗaya. In ya ƙi, ka nuna masa wani wurin da za a ajiye injin a ƙasa ko a baranda a ƙara bututu. Mu ne muka saba musu da araha da ranmu.

Autdo na doki ɗaya da rabi yana kai kilo 30 ko fiye, ba abin da mutum ɗaya zai hau tsani da shi a kafaɗa ba ne, a ja shi da igiya mutum biyu, kuma a kori kowa daga ƙasa. Tsani kuwa, duk tsawon mita 4 ka ja gindinsa mita 1 daga bango, kansa ya wuce inda za ka taka da kamar mita 1, wani ya riƙe ko a ɗaure shi. Ba a ɗora tsani a kan durom ko bulo don ya ƙara tsawo. Sannan ɗaga kai ka duba wayoyi kafin ka ɗaga tsanin alminiyom, a unguwanninmu manyan layukan wuta masu bolt 11,000 da 33,000 suna wucewa dab da baranda, kuma irin wannan wutar ba sai ka taɓa ta ba, kusantarta ma ya isa ta yi tsalle.

Hajiya ke kuma in kina da adashi, ki saya masa bel ɗin da kanki. Da wuya namiji ya bar abin da matarsa ta saya masa a gida, ko don kar a tambaye shi.

*

Oga ina gyaran firij da firiza. Gas ɗin R600 ya yi tsada kuma wasu a layinmu gas ɗin girki suke ɗurawa, firij ɗin kuma yana sanyi lafiya lau. Meye matsalar? Na biyu, wani lokacin in ina walda bututu sai wani wari mai shaƙe maƙogwaro ya taso har hawaye.
Daga mai gyaran firij a Gusau

Ɗan'uwa, dalilin da ya sa yake sanyi shi ne 'yan gida ɗaya ne. R600a sunansa aisobuten, R290 kuma furofen ne, gas ɗin girki cakuɗen buten da furofen ne. Bambancin, na firij an tace shi, na girki kuwa akwai danshi da datti da sinadarin warin da ake sa masa, kuma ba ka san nawa ne wannan nawa ne wancan a ciki ba, matsinsa ba zai dace da kwamfureson ba. Wata nawa ne sai ya toshe siririn bututu ko ya kashe injin, mai kaya ya dawo yana zaginka. Mafi muni shi ne a ɗura shi a firij ɗin da aka yi don R134a, wanda rile da tamostat ɗinsa, masu kunna injin da kashe shi, ba a rufe suke yadda tartsatsi ba zai fita ba, kuma ba a rubuta komai a jiki ba, gobe wani makaniken ya zo ya sa wuta yana zaton R134a ne.

Shi kansa R600a na gaskiyar mai kama wuta ne, kuma ba shi da warin da zai gargaɗe ka. Ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma in ya kai kusan kashi 2 cikin ɗari na iskar wurin tartsatsi kaɗan ya ishe shi. Abin da ke cikin firij ɗin gida bai da yawa, galibi bai kai giram 100 ba, amma a ɗan shagon kwantena mai ƙofa ɗaya ya isa ya ƙone maka fuska. Karanta takardar da ke jikin kwamfureso kafin komai. In R600a ne fito da shi waje, yanka bututun da abin yanka ba da wuta ba, bar shi ya fita, bi shi da naitirojin, sannan ka kunna tocin walda. Janareta da mai shan sigari su yi nisa. Sababbin AC masu R32 ma suna kamawa, ba kamar wancan ba amma suna kamawa. Kuma irin waɗannan gas ɗin ƙaruwa za su yi ta yi, don tun yarjejeniyar Montreal ta 1987 ake janye tsofaffin da ke lalata sararin sama, R22 ma ƙasashe irin namu sun yi alkawarin barinsa zuwa 2030, sai gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya biyo kan irin su R134a da R410A. Ƙungiyar masu aikin firij da AC ta Najeriya, NARAP, da ofishin ozon na ma'aikatar muhalli ta tarayya suna shirya horo a kan wannan, in ka ji ana yi a kusa da kai ka je.

Warin nan da kake ji kuma ba ƙaramin abu ba ne. R22 ko R134a in suka taɓa harshen wuta rikiɗewa suke su zama iska mai asid, masu sinadarin kulorin irin R22 da tsohon R12 har da fosjin suna iya bayarwa, gubar da aka yi yaƙin duniya na ɗaya da ita. Da ka ji shi kashe wuta ka fita iska, alama ce akwai sauran gas a bututun. In tari ko ƙuncin ƙirji ya biyo baya ko da bayan awanni ne, asibiti. Tocin kuma a sa masa abin hana wuta komawa cikin tiyo, musamman masu amfani da tukunyar kabaid.

Ka kuma kula da inda kake sayen gas. A 2011 kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Barazil har ma'aikata uku suka mutu, da aka bincika jabun R134a ne da aka cakuɗa da wani sinadari R40 mai cin alminiyom ɗin cikin kwamfureso. Gas ɗin da ya yi araha fiye da hankali ka bar musu kayansu.

*

Gas ya feso min a yatsu lokacin da nake cire tiyo, wurin ya yi fari ya ƙandare, daga baya ya yi ƙuraje masu ruwa kamar ƙuna. Na shafa man goge baki. Daidai ne?
Daga wani a Maraɗi

Ba daidai ba ne malam, wanke shi. Ƙunar sanyi ce, R22 yana fitowa a kusan digiri 41 ƙasa da sifili, R410A kuma ya wuce 50 ƙasa da sifili, naman wurin daskarewa ya yi. Abin yi a lokacin shi ne ka sa hannun a ruwa mai ɗumi kamar ɗumin jiki, ba mai zafi ba, kar ka murza kar ka kanga a wuta. Kar ka fasa ƙurajen, rufe da tsabtataccen bandeji ka je likita ya gani, in wurin ya fara baƙi ko ba ka jin taɓi kar ka kwana. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, bakin mai, duk datti suke ƙarawa. Ƙunar walda ita kuma ruwan famfo mai sanyi minti 20.

Da a ido ya same ka fa? Tabarau na aiki da safar hannu kuɗinsu bai kai na katin waya na sati ba. Haka ruwan wanke kwandensa, wasu soda ne mai ƙarfi wasu asid, in ya shiga ido a yi ta zuba ruwa aƙalla minti 15 kafin ma a tafi asibiti. Kuma tunda kullum cikin yankan kwano da tsatsa muke, je ka yi allurar tetanus.

*

Oga aikin cikin silin a watan azumi fa? Bara na shiga jan bututu da azahar na fito ina ganin duhu-duhu har na yi amai.
Daga wani mai haɗa AC a Sakkwato

Kai ma dai da ƙarfin hali. Garin da a inuwa ma zafi ke haura digiri 40, ka shiga tsakanin kwano da silin da azahar, ai tanda ka shiga. Abin da ka ji gargaɗi ne, mataki na gaba shi ne mutum ya rikice ya fara surutai ko ya faɗi, kuma wannan yana kisa. Aikin silin da na kan rufi daga bayan asuba ne zuwa hantsi, ko bayan an sha ruwa da fitila mai kyau, da azumi ko ba azumi. Kar ka shiga kai kaɗai, wani ya tsaya a bakin ramin yana yi maka magana, in ya ji ka yi shiru ko amsarka ta daina ma'ana ya san da matsala. Minti 15 zuwa 20 ka fito ka sha iska. Taka kan katako kawai, silin ba ya ɗaukar mutum, kuma a kashe wutar gidan gaba ɗaya don wayoyin da ke can ciki ɓeraye sun gama da rigarsu.

Da sahur ka sha ruwa sosai, da buɗa-baki ka haɗa da ruwan gishiri da sukari na sacet. Wanda zafi ya kayar a kai shi inuwa, a cire masa riga, a jiƙa shi da ruwa ana fifita, a nufi asibiti, in ba ya cikin hayyacinsa kar a ɗura masa komai a baki. Hukuncin karya azumi ga wanda ya galabaita kuma wannan na malamai ne, ka tambaye su tun kafin ka shiga halin.

*

Na haɗa hitar wanka a wani gida, ɗan bawul ɗin gefe yana ɗigar da ruwa, mai gidan ya ce in toshe shi yana ɓata masa tayil.
Daga wani a Jos

Kar ka toshe. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake, wannan ɗigon shi ne numfashin tankin. Ranar da tamostat ya mutu hita ta ci gaba da dafa ruwa, bawul ɗin nan ne kaɗai tsakanin mai gidan da fashewar tanki a banɗakinsa. Sa masa ɗan tiyo ka kai shi magudana, tayil ya huta. In zuba yake ba ɗigo ba, canza shi da sabo irinsa. Kuma ka tabbatar da wayar at ta gaske, wato wadda ke kai wuta ƙasa, da bireka mai yankewa a miliyam 30, mutum tsirara a jiƙe ba shi da wata kariya sai ita.

*

Oga yarona ya faɗo daga tsani a wurin aiki ya karye a hannu. Na kai shi wurin mai ɗori na biya. Yanzu babansa yana cewa sai na ci gaba da ɗaukar nauyinsa har ya warke, ni kuma ina ganin ai ƙaddara ce, kuma ba albashi nake biyansa ba koyo yake.
Daga wani mai shago a Bauci

Malam ƙaddara ce, babu musu, amma tsanin na waye, kuma wa ya ce ya hau? Baban yaron bai faɗi abin da ya wuce hankali ba. Amana ya ba ka. Ta fuskar doka ma, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ba ta ware mai koyon aiki ba, ta sa shi cikin ma'aikata, kuma tsarin shi ne mai ɗaukar aiki ya yi rajista da hukumar NSITF mai riƙe da asusun diyyar ma'aikata yana zuba kashi 1 cikin ɗari na abin da yake biyan ma'aikatansa, in wani ya ji ciwo a bakin aiki asusun ya ɗauki magani da diyya. Na san yawancin shagunanmu ba su yi ba, amma duk mai neman kwangilar gwamnati ko ta manyan kamfanoni za a tambaye shi takardar, gara ka leƙa ofishinsu na jiharku ka ji yadda ake yi.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ba ka ce an yi hoto ba. Karayar hannu in ta shafi gaɓa ko ta goce, in aka ɗaure ta haka nan hannun zai iya warkewa a karkace, yaron da da hannun zai ci abinci har tsufansa. Kai shi a yi masa hoton ƙashi wannan satin, in yatsun suna kumbura ko sun yi sanyi ko ba ya jin su to yau ɗin nan, a sassauta ɗaurin. Ka je da kanka ka zauna da baban ku yi magana ta fahimta, ka ci gaba da ba yaron ɗan kuɗin abincin da ka saba ba shi, in ya fara samun sauƙi ya dinga zuwa shago yana zama ko karatun geji da mita ya koya kafin hannun ya dawo. Tsanin kuma ka duba shi, in ƙafarsa ce ta lanƙwashe ko robar gindin ta cinye kar ka ba wani yaron ya hau gobe.